Kwamanda Ya Kama Surukinsa

Ranar Talata da hantsi, a daminar da aka cire tallafin man fetur, Hambali tela ya hau kan bencin mai shayi a bakin tashar Gwarzo, ya sanar da jama'a cewa ya bar ɗinki har abada, ya zama darakta.

"Daraktan me?" in ji mai shayi, bai ko ɗago daga tukunyarsa ba.

"Na fim. Fim ɗin ban dariya a kan 'yan ta'adda. Zan nuna su wawaye, matsorata, masu kwaɗayi. Duk wanda ya kalla sai ya riƙe ciki. Daga nan har Kano sai an san sunana."

"To sauko mini daga benci, ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya."

Duk wanda yake wurin ya san abin da ya hau da Hambali kan bencin. Shagonsa ya daɗe a rufe. Ya gwada kiwon zomo, zomayen suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabci. Ya gwada haɗa maganin sauro, sauro ya ƙaru a unguwa. Matarsa Sa'ada ta gaji, ta goya 'yarsu Asiya ta yi yaji zuwa gidan mahaifinta a Kabo. Mahaifin nata, Malam Zailani, tsohon malamin gona ne, mutum mai magana a hankali. Da Hambali ya je biko, bai ɗaga masa murya ba. Cewa ya yi zuwa Juma'ar sama, ko dai Hambali ya zo da sana'ar da za ta riƙe gida, ko ya zo da takardar Sa'ada. Ya kuma ce kafin ranar kada ya ga ƙafarsa a unguwar.

Inna Uwaliya mai ƙosai, wadda iyalin ƙanenta suka gudo daga wajen Katsina suke zaune a gidanta, ta ajiye matsami ta dube shi.

"Hambali, abin da ya raba mutane da gonakinsu, shi za ka mai da wasa?"

"Inna, su zan yi wa dariya, ba waɗanda suka gudo ba. Mutumin da aka yi wa dariya a kasuwa ai ya daina ban tsoro."

"To in ka gama, ka kai musu daji su kalla."

Washegari ya kira samari don raba matsayi. Sun taru da yawa, amma kowa soja yake son fitowa.

"Ni ɗan ta'adda?" in ji wani. "Aure nake nema a Kutama. Gobe a zo bincike a ce ai shi ne wannan na cikin fim."

"Wasa ne fa."

"Wasa ne ya sa har yau ake kiran kawuna Ɓarawon Akuya. A firamare ya fito sau ɗaya. Yanzu jikoki gare shi."

Da aka ce babu sojoji a labarin, sai taron ya watse. Aka bar Hambali da Tasi'u mai faci, abokinsa tun ƙuruciya, da wasu 'yan uwan Tasi'u guda biyu, magidanta manoma daga Unguwar Tudu, waɗanda suka yarda saboda an yi musu alkawarin shinkafa da wake. Shugaban 'yan ta'addan kuwa babu mai so, don haka Hambali ya ɗauka da kansa, ya raɗa wa kansa suna Kwamanda Gobara. Ya ce dama duk garin babu mai kwarjinin da zai iya fitowa a matsayin sai shi.

Bindigogi da ƙotar fartanya aka yi su, aka shafe da baƙin mai daga shagon Tasi'u. Saura kyamara. Mai ita shi ne Lawal, wanda yake ɗaukar bukukuwa, a Kabo yake zaune. Ya ce a wannan tsadar mai ba zai tayar da babur zuwa Gwarzo ba ko da bikin ƙanwarsa ne. Mai son fim ya zo Kabo.

"Kabo fa?" in ji Tasi'u. "Garin da aka hana ka shiga?"

"Unguwa ɗaya aka hana ni. Kuma wa zai gane ni? Rawani zan naɗa har ido, in sa baƙin tabarau, in sauya murya. Ni da kaina in na duba madubi sai na tsorata."

Ranar Asabar da safe suka shiga mota da buhun bindigogi. Tafiya ta yi nisa lafiya, sai direba ya ji warin mai ya tambaya mene ne a buhun.

"Bindigogi ne," in ji Tasi'u, wanda bai iya ƙarya ba.

Wata tsohuwa ta saki salati. Wani mai kaji ya buɗe ƙofa motar tana tafiya.

"Na katako ne!" Hambali ya yi ihu. "Jama'a, ni darakta ne!"

Direba ya tsaya ya sauke su a gefen wata gonar dawa, ya ce su ƙarasa da daraktancinsu a ƙafa. Suka ƙarasa. Kafin su ga rufin gidajen Kabo, rana ta narkar da man, ya ɗiga ta cikin buhu ya zana wa Tasi'u baƙin layi daga wuya har ƙugu. A bayan gari Hambali ya naɗa rawani, ya sa tabarau, ya shiga gari yana tafiya yana buɗa kafaɗu.

Lawal ya tarye su da labari biyu. Na farko, an kwana biyu ba a kawo wuta ba, batirin kyamara rabi ne. Na biyu, ya nemi izini wurin mai unguwa, an ba su da sharaɗi: babu mace a fim, babu kiɗa, babu rawa, a tsaya idan an kira salla, kuma za a turo dattijo ya zauna ya sa ido kada a saɓa wa shari'a.

"Wannan duk ƙaramin abu ne," in ji Hambali. Ya tara mutanensa ya ɗaga yatsa. "Ku saurara. Batir ba ya jira. Da zarar na ce akshin, wato a fara, ko sama ce ta faɗo, kada wanda ya fita daga wasa. Kome ya faru, ku 'yan ta'adda ne. Kun ji?"

"Mun ji, Darakta."

Suna cikin haka dattijon mai sa ido ya iso, da buzunsa a hammata da carbi a hannu. Ya yi sallama, ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiya, ya zauna. Malam Zailani ne.

Hambali ya ja Tasi'u gefe.

"Mun mutu."

"Fuskarka a rufe take. Ka ce kai kanka kana tsorata."

"Haka ne," in ji Hambali, ya ƙara jan rawani sama.

Fitowa ta farko, 'yan ta'adda za su afka gidan wani attajiri su fito da shi. Attajirin shi ne Mijinyawa mahauci, wanda ya ba da aron gidansa da kansa saboda yana son a gan shi a waya. Jama'a sun cika layin, har da masu hawa katanga. Hambali ya kumbura murya.

"Akshin!"

Tasi'u da manoman nan biyu suka ruga da gudu, bindigogi a sama, suna kururuwa. Suna isa bakin zaure suka ja birki.

"Salamu alaikum!"

"Kat!" Hambali ya dafe kai. "Wane ɗan ta'adda ne yake sallama?"

"Darakta, gidan matan aure ne fa," in ji babban manomin.

"Ku kutsa ciki na ce!"

Daga gindin darbejiya aka yi gyaran murya. "Bayin Allah nan suna da gaskiya," in ji Malam Zailani. "Ba za a shiga ba. In ana son mai gida, a yi masa sallama ya fito."

Hambali ya buɗe baki zai yi musu, ya tuna da wanda yake magana, ya rufe. Aka sake. 'Yan ta'adda suka rugo, suka tsaya, suka yi sallama. Mijinyawa ya fito cikin babbar riga yana gyara hula. Ganin furfurarsa, manoman suka ajiye bindigogi a ƙasa suka durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya damina?"

"Damina ta yi kyau, sai dai taki. Ku a wajenku ya ake sayar da shi?"

"Kai, Baba, ai ba a magana. Mu bana kashin kaji muka zuba."

"Batir," in ji Lawal.

Da ƙyar aka raba su. Tasi'u ya zaro igiya zai ɗaure wa Mijinyawa hannu. Mijinyawa ya sunsuna igiyar, ya ja da baya.

"Wannan ta akuya ce."

"Ita muka samu, Baba."

Mijinyawa ya dubi taron, ya hango mazajen 'ya'yansa mata biyu a sahun gaba suna washe baki. "Ni za a ɗaure da igiyar akuya a gaban surukaina? Lawal, ka ce mini attajiri zan fito, ba bunsuru ba." Ya tattare babbar riga ya shige gida. 'Yan ta'adda suka bi shi da gudu har bakin zaure, suka tsaya. Suka yi ta sallama. Aka aiko daga ciki cewa mai gida ya kwanta.

Taron ya fara kwasar dariya. Hambali ya juya ya ce musu duk cikin tsari ne, manyan daraktoci haka suke gwada 'yan wasa. Amma dai babu wanda za a kama, rana kuma tana yi. Aka nemi wani dattijo a cikin 'yan kallo, duk suka sunkuyar da kai.

Malam Zailani ya saka carbi a aljihu. "Kun taso tun daga Gwarzo a wannan tsadar mota. Ba daidai ba ne ku koma haka. Ni ku kama ni."

"A'a!" Muryar Hambali ta fito siririya, ya yi sauri ya mai da ita ƙasa. "Wato, Malam, aikin yana da wahala."

"Zama ne a ƙasa, ko? Ai ga ni a zaune. Me zan yi?"

Lawal ya yi masa bayani. Nan gindin darbejiya shi ne daji. Kwamanda zai taho ya tsaya a kansa, ya daka masa tsawa, ya ce, kai tsoho, tashi. Malam Zailani ya ce to, ya miƙa hannu Tasi'u ya ɗora masa igiya sama-sama.

Hambali ya ja da baya ya cika ƙirji da iska. Ya ce akshin da kansa, ya taho yana dukan ƙasa da ƙafa, bindiga a kafaɗa. Yana matsowa kusa da buzun, ƙafafunsa suka zame daga cikin takalmi. Gwiwoyinsa suka naɗe. Kafin ya ankara yana durƙushe, kai a sunkuye, bindiga a kan cinya.

Wani a kan katanga ya yi dariya har sai da aka riƙe shi.

"Kwamanda, lafiya?" in ji Malam Zailani.

"Ƙasa nake dubawa. Ko an binne bam."

"Allah ya tsare. Ka ga wani abu?"

"Babu."

"To madalla."

Aka sake. Wannan karon Hambali ya sa Tasi'u ya yanko guntun igiya ya ɗaure masa takalman a ƙafa tamau. Ya taho, ya dage, ya tsaya a tsaye, gumi yana bin tabarau. Ya kafa ido a kan reshen darbejiya don kada su haɗa ido da tsohon.

"Kai tso..." Ya sake gwadawa. "Kai... Baba, in ba damuwa, a ɗan daure a tashi."

"Kat," in ji Lawal, ko da yake ba aikinsa ba ne. "Darakta, wannan roƙo ne."

"Salo ne! Sabon salo! Ba ka ji yadda ake dariya ba?"

"Ai kai ake yi wa."

"Ni ne fim ɗin, ni za a yi wa mana."

Malam Zailani ya ce, "Ɗana, ka yi mini tsawar. Na yafe tun kafin ka yi." Hambali ya gwada sau da yawa. Mafi zafin abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baba, ana ɓata mana lokaci, a yi haƙuri."

Lawal ya ce a tsallake zuwa fitowar cin abinci. A nan Kwamanda zai zauna gaban wanda aka kama yana yagar kaza, tsoho yana haɗiyar yawu. Kaza ba ta samu ba, gurasa aka sayo. Aka ajiye ta a gaban Hambali. Ya dubi gurasa, ya dubi surukinsa. Tun da ya auri Sa'ada ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban mutumin nan ba. Ga shi kuma ba a cin gurasa ta cikin rawani. Ya ɗauki faranti ya juya baya.

"Ƙeyarka nake ɗauka," in ji Lawal.

Ya ja jiki ya koma bayan bishiya.

"Kyamara ba ta zagaya bishiya."

"Manyan kwamandoji a ɓoye suke cin abinci," in ji Hambali daga can. "Saboda sammu."

"Bismillah, Kwamanda," in ji Malam Zailani. "Kada ka ji kunyata."

A ƙarshe aka ce mataimakin Kwamanda, wato Tasi'u, ya ci. Tasi'u bai jira akshin ba. Manoman suka ce su ma 'yan ta'adda ne, suka sa hannu. Gurasar ta tashi da baƙin mai a jikinta, amma babu wanda ya bari.

Lawal ya nuna wa Hambali jar alamar batir. Fitowa ɗaya ta rage da za a iya ɗauka. Hambali ya ce a yi ta tsaron fursuna: Tasi'u ya tsaya a kan tsoho da bindiga, shi kuma Kwamanda ya riƙa kai da kawowa daga nesa. Wannan ya san zai iya.

"Akshin!"

Abu ya fara kyau. Tasi'u ya haɗe rai, Kwamanda yana taku daga nesa kamar gaske, har taron ya yi tsit. Sai waya ta yi ƙara a aljihun Malam Zailani. Tasi'u ya tuna umarnin Darakta. Ya zura hannu ya zaro wayar, ya danna, ya buɗe lasifika don kyamara ta ji.

"Baba," in ji muryar mace, "a zuba maka abinci ko a jira ka?"

"Babu Baba!" Tasi'u ya yi ruri. "Tsohon yana hannunmu a daji! In kuna son ganinsa da rai, ku jira kiranmu!"

Ƙarar da ta fito daga wayar ba ta wasa ba ce. A wannan shekarar babu gidan da bai san irin wannan kira ba. Aka ji faɗuwar kwano, aka ji kukan yarinya ƙarama. Dariyar da aka fara yi wa Tasi'u ta ɗauke a layin gaba ɗaya.

Hambali ya yi jifa da bindiga. Ya fizge rawani, tabarau ya faɗi, ya warce wayar daga hannun Tasi'u.

"Maman Asiya! Maman Asiya, ni ne! Hambali ne! Wallahi wasa ne, fim ne, Baba yana nan lafiya ƙalau a inuwa!"

Wayar ta riga ta katse. Mutanen Kabo ne kawai suka ji shi.

"La! Mijin Sa'ada ne!" in ji wata mata daga soron maƙwabta.

"Telan Gwarzo?"

"Shi ne. Mai zomaye."

Ba a jima ba Sa'ada ta ɓullo daga kan kwana da gudu, ba takalmi, mayafi a karkace, za ta gidan mai unguwa. Bayanta maƙwabta ne da sanduna. Ta ga taro ta kutsa. Ta ga mahaifinta zaune a kan buzu da igiya a hannu. Ta zube gabansa, ta taɓa kafaɗarsa, ta taɓa fuskarsa, ta warware igiyar ta yar.

"Lafiyata ƙalau," in ji Malam Zailani. "Laifina ne da ban kashe wayar ba. Sha iska."

Ta zauna har numfashinta ya dawo. Sannan ta miƙe ta juya. Hambali yana tsaye, hannu da goshi duk baƙin mai, takalma ɗaure da igiya, wayar surukinsa a hannu.

"Baban Asiya."

"Na'am."

"Sana'ar ke nan?"

"Farawa ce. In aka tace shi..."

"Duk mutanen Kabo, Baba ka ga dama ka kama?"

"Shi ya ce a kama shi."

"Gaskiya ne, ni na ce," in ji Malam Zailani.

"Baba, ka san shi ne?"

"Tun da ya cire takalmi. Wannan karkataccen ɗan yatsan, ai na sha ganinsa a zaurena."

Mai unguwa ya iso yana haki, an taso shi daga gona. Ya ji bayani daga bakin mutane da yawa lokaci ɗaya, ya ce an rufe fim daga yanzu, kuma duk wanda ya ƙara amsa wayar wani a unguwarsa sai ya kwana a gaban hukuma. Tasi'u ya ce shi umarni ya bi. Manoman suka tambaya ko maganar shinkafa da wake tana nan.

Malam Zailani ya naɗe buzunsa ya karɓi wayarsa. Hambali ya durƙusa, wannan karon da niyya.

"Baba, a ƙara mini kwanaki. Ina da wani tsarin."

"Na ga na yau," in ji tsohon. Ya juya ga 'yarsa. "Juma'a na ce, amma ga mu duka a nan, ga shaidu har kan katanga. Ke ce mai zaman. Me kika ce?"

Sa'ada ta dubi mijinta. Ta dubi bindigar da ke yashe a ƙasa, ta dubi masu sanduna da suka biyo ta.

"Baba, zan koma."

"Kin tabbata?"

"In aka bar mutumin nan shi kaɗai har Juma'a, a ofishin 'yan sanda za a je karɓo shi. Asiya kuma za a riƙa nunawa a hanya. Gara ina kusa."

Hambali ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe. Ya juya ga taron ya buɗe hannuwa. "Kun gani ko? Na faɗa muku! Fim ɗaya tak..."

"Ka ƙara cewa fim," in ji Sa'ada.

Bai ƙara ba.

Aka kira azahar, taron ya watse. Mai unguwa ya sa aka kwashe bindigogin zuwa gidansa. Hambali da mutanensa suka koma Gwarzo a bayan motar itace. Sa'ada ta bi su washegari da Asiya a goye. Fim ɗin bai fito ba.